Waiwaye: Me ke tsakanin Ingila da Ayalan har ake yi wa Declan Rice ihu a Dublin?

Ranar 7 ga Satumba 2024 ina gidan kallo, Ingila na buga wasa da Ayalan a Dublin, duk sanda ƙwallo ta je ƙafar Declan Rice ko Jack Grealish sai filin ya ɗauki ihu. Kuma su biyun nan su suka ci ƙwallayen, aka tashi 2-0. Da Rice ya zura tasa bai yi murna ba, ɗaga hannuwa kawai ya yi kamar mai neman afuwa. Wani yaro kusa da ni ya ce wai meye abin zafi, ai duk Turawa ne. To mu a wajenmu haka ne, Bature Bature ne, amma wallahi abin da ke tsakanin mutanen nan ya haura shekara 800.

Shi Rice ɗan Landan ne amma kakanninsa mutanen Cork ne da ke Ayalan, ya taɓa buga wa Ayalan wasa uku kafin ya koma Ingila a 2019. Grealish ma ya yi wa Ayalan wasa a matakin matasa. Kai har kocin riƙon ƙwarya na Ingila a ranar, Lee Carsley, wasa 40 ya buga wa Ayalan. Abin da nake so a fahimta kenan, jini ya gauraya ta yadda ba a iya tsefe shi, shi ya sa ciwon ya fi zafi, faɗan cikin gida ne.

Tun farko ma ba da takobi aka fara ba. Waliyyi Patrick da 'yan Ayalan ke ji da shi mutumin tsibirin Birtaniya ne, bawa aka kamo shi yana saurayi, ya gudu, daga baya ya dawo yana wa'azin Kiristanci. Su kuma malaman Ayalan irin su Aidan su suka kai addinin arewacin Ingila wajen shekarar 635. Rigima ta soma ne a 1169, wani sarkin yankin Leinster na Ayalan da aka kora daga gadon sarauta ya je ya gayyato mayaƙa daga tsallaken teku su taya shi, a 1171 Sarki Henry na biyu na Ingila da kansa ya tsallako, baƙo ya zo ya ƙi tafiya. Amma jikokin baƙin nan sai suka saje, suna aure a gari suna jin yaren gari, har a 1366 aka yi doka a Kilkenny ta hana su auren 'yan ƙasa da magana da yarensu.

Sai addini ya shigo. Ingila ta rabu da Fafaroma zamanin Henry na takwas, 'yan Ayalan suka tsaya a Katolika. Daga 1609 aka riƙa ƙwace gonaki a Ulster, can arewacin tsibirin, ana raba wa Furotesta da aka kwaso daga Sikotilan da Ingila. Cromwell, jagoran sojojin Ingila, ya zo a 1649 ya yi kisan gilla a garin Drogheda, sannan yaƙin Boyne na 1690, inda sarki Furotesta ya ci sarki Katolika da yaƙi, wanda har gobe Furotestan arewacin tsibirin ke masa maci duk 12 ga Yuli. A 1801 aka haɗe Ayalan cikin Birtaniya gaba ɗaya.

Inda ni dai ya fi taɓa min zuciya shi ne yunwar 1845 zuwa 1852. Talakan Ayalan a lokacin ɗan haya ne a gonar kakanninsa, hatsi da dabbobin da ya samu na biyan mai gona ne, shi da iyalinsa dankali kawai suke ci safe da dare. Sai cuta ta faɗa wa dankalin, mutum ya tona kunya ya tarar duk ya ruɓe ya yi baƙi yana wari, shekara bayan shekara. Mutane na mutuwa a bakin hanya amma jiragen ruwa ba su fasa fita da abinci daga tashoshin ƙasar ba, wanda ya kasa biyan haya a rushe masa ɗaki a kore shi. Kusan mutum miliyan 1 suka mutu, wajen miliyan 1 suka yi hijira, a ƙasar da ke da mutum miliyan 8 da 'yan kai. Duk wanda ya san me fari ke yi wa manomi zai gane wannan ba abin da ake mantawa ba ne, balle a ce akwai gwamnati mai arziki a sama tana kallo tana jan ƙafa.

Kuma ina da yawansu suka gudu? Amurka, da ita Ingilar dai, Liverpool da Manchester da Landan. Su suka haƙa mata magudanan ruwa, suka shimfiɗa layin dogo, jikokinsu mata suka cika asibitoci suna aikin nas.

Tawayen Ista na 1916 a Dublin bai yi ko mako ba aka murƙushe shi, amma harbe shugabanninsa da aka yi shi ya juya zukatan jama'a. Aka yi yaƙin neman 'yanci, aka sa hannu a yarjejeniyar Disamba 1921, gundumomi 26 suka samu mulkin kai, 6 na arewa suka zauna da Birtaniya. A waɗannan shidan ne wuta ta sake tashi daga ƙarshen shekarun 1960, tsakanin IRA, mayaƙan da ke son a haɗe tsibirin, da ƙungiyoyin masu son zama da Birtaniya da sojoji, mutum sama da 3,500 suka halaka. Ranar 30 ga Janairu 1972 sojoji suka harbe mutum 13 a wajen zanga-zanga a Derry, sai a 2010 Firaminista David Cameron ya tashi a majalisa ya ba da haƙuri, shekara 38 iyalai na jira.

Yarjejeniyar 10 ga Afrilu 1998 ita ta kashe wutar, kuma abin da na fi so a cikinta shi ne ta bar wa ɗan Arewacin Ayalan zaɓi, ya zama ɗan Birtaniya ko ɗan Ayalan ko duka biyun. A 2011 Sarauniya Elizabeth ta je Dublin, ta ajiye furanni ta sunkuyar da kai a dandalin tunawa da waɗanda suka yaƙi masarautarta, ta buɗe jawabinta da yaren Ayalan. Shekara na zagayowa ta gaisa hannu da hannu da Martin McGuinness, tsohon kwamandan IRA, ƙungiyar da ta kashe ɗan uwanta Lord Mountbatten a 1979. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga kowannensu.

Ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai ta so ta fama tsohon ciwon, don iyakar da ke tsakanin Ayalan da Arewacin Ayalan mai kusan kilomita 500 ba wanda ke son ganin shingen kwastan ya dawo kanta, aka yi ta ja-in-ja har aka samu yarjejeniyar ciniki da ake kira tsarin Windsor a 2023. Yau ɗan Ayalan na shiga Ingila ba biza, ya zauna ya yi aiki har ya jefa ƙuri'a a zaɓen majalisa. Michelle O'Neill ta jam'iyyar Sinn Féin, mai son a haɗe tsibirin ya koma ƙasa ɗaya, ta halarci naɗin Sarki Charles a 2023, a Fabrairun 2024 kuma ta zama Ministar Farko ta Arewacin Ayalan, kuma har yanzu ba ta fasa kiran a yi ƙuri'ar raba gardama kan iyakar ba.