Zirga-zirgar baƙi a Gandun Dajin Mole

Gandun Dajin Mole shi ne mafi girma a cikin gandayen namun daji na ƙasar Ghana, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 4,500. Yana ƙasar Gwanja, wadda fataken Hausawa suka daɗe da sani tun zamanin cinikin goro, a yankin Savannah da aka yanka daga tsohon yankin Arewa a 2019. An keɓe dajin domin kare namun daji a 1958, aka mayar da shi gandun ƙasa a 1971, kuma sashen kula da namun daji na Hukumar Gandun Daji ta Ghana ne ke riƙe da shi. Baƙo ba ya yawo a cikinsa yadda ya ga dama. Ko a ƙafa ko a mota, sai da ma'aikacin gandu mai ɗauke da bindiga, kuma a kan wannan doka aka gina duk tsarin zirga-zirgar wurin.

Hanyar zuwa daga Kumasi

Mai tasowa daga Kumasi yakan hau motar Tamale, ya bi ta Techiman da Kintampo, ya haye kogin Baƙar Volta a Buipe, sannan ya sauka a mararrabar Fufulso, inda titi ya karkata yamma zuwa Damongo da Larabanga. A da wannan ɓangaren ne ke wahalar da matafiya: jar ƙasa ce mai gargada, ƙura da rani, taɓo da damina. Tun da aka shimfiɗa kwalta daga Fufulso zuwa Sawla tafiyar ta yi sauƙi ƙwarai. Daga Larabanga zuwa ƙofar gandun 'yan kilomitoci ne kawai, ana yin su a tasi ko a kan babur.

Ƙungiyoyin matasan zango da ɗaliban makarantu daga unguwannin Kumasi irin su Aboabo da Asawase sun fi son ɗaukar shatar bas sukutum, su tashi da dare, su wayi gari a arewa. Galibi sukan tsaya a Larabanga tukuna domin ganin tsohon masallaci ginin ƙasa mai farin shafe da itatuwa a jikin bango, wanda ake lissafawa cikin masallatai mafi daɗewa a Afirka ta Yamma.

Yadda ake yawo a ciki

Babbar bas iyakarta hedikwatar gandun da Mole Motel, masaukin da aka gina a bakin wani tsauni mai kallon tafkunan da dabbobi ke shan ruwa. Daga nan sai a rarraba mutane, domin hanyoyin cikin dajin na ƙasa ne, matsattsu, masu ratsa ƙoramu, ba su ɗaukar doguwar mota.

Yawon ƙafa ana fita da sassafe da kuma bayan la'asar, lokacin da rana ta yi sanyi dabbobi suka fito daga inuwa. Yakan ɗauki kamar awa biyu. Ma'aikacin gandu yana gaba, baƙi na biye a jere, ana gangarawa daga kan tsaunin zuwa bakin ruwa. Ba a yarda da silifa, sai rufaffen takalmi, saboda ƙaya da maciji. Mai tafiya a ƙafa yana ganin abin da na cikin mota ba ya gani: sawun giwa da ya nutse a laka ya bushe kamar akushi, kashinta mai ɗumi da ke nuna ba ta yi nisa ba, reshen da ta karya yana zubar da ruwa. Idan aka cim mata, ma'aikacin yakan ɗaga hannu kowa ya tsaya, ya duba inda iska ke kaɗawa kafin ya zaɓi wurin da za a tsaya.

Yawon mota kuma ana yin sa ne a motocin shiga daji masu kujeru a kan rufi. Ana biyan kuɗin motar a kan awa, shi ya sa baƙin da ba su san juna ba kan haɗa kai su cika ta su raba kuɗin. Wanda ya zo da motarsa mai ƙarfi yana iya shiga da ita, amma dole ma'aikacin gandu ya zauna a ciki. Mota na kai mutum nesa, inda ake dacewa da ɓauna, gwanki da kanki. Kusa da masauki an fi ganin mariya, gwambaza, mazo, mugun dawa da gwaggon biri, wanda ya ƙware wajen fizge abinci daga hannun wanda ya yi sakaci. Gandun na da nau'in dabbobi masu shayarwa sama da 90 da tsuntsaye sama da 300, sai dai mafi yawan baƙi kusurwar kudu kawai suke taɓawa. Akwai tsando a wasu sassa, don haka riga mai dogon hannu ta fi.

Lokaci yana da tasiri fiye da irin motar da aka hau. Daga shigowar hunturu zuwa ƙarshen bazara ciyawa ta bushe, ruwa ya janye, giwaye kan zo tafki su yi wanka a gaban mai zaune a kan tsauni. Da damina ciyawa takan fi mutum tsawo, dabbobi su watsu, wasu hanyoyin ma su yanke.

Tsarin bas a wasu ƙasashe

Inda baƙi suka yi yawa har motoci suka zama matsala, an koma ga bas mai kai da komo a kan ƙayyadaddiyar hanya. A gandun Zion da ke jihar Utah ta Amurka an fara wannan a shekarar 2000: a yawancin watannin shekara ba a barin motocin kai su shiga babban kwarin gandun, kowa ya ajiye tasa ya hau bas, ya sauka a tashar da yake so, ya jira wata ta ɗauke shi. A Denali ta jihar Alaska tsarin ya faro tun 1972. Titin gandun ya kai mil 92, amma motar kai ba ta wuce mil 15 na farko.

Bas irin wannan tana rage hayaƙi da ƙara da cunkoso, tana kuma buɗe daji ga marar mota. Amma ba za a ɗauko ta a dasa a Mole yadda take ba. Ba za a sauke mutum shi kaɗai a bakin tafkin da kada da giwa ke ciki a ce ya jira mota ta gaba ba. Abin da ya fi dacewa da Mole shi ne ƙara yawan motocin haɗaka masu tashi a kan lokaci sananne, da farashin kujera ɗaya-ɗaya, ta yadda ayarin ɗalibai da ya kwana a hanya daga Kumasi ba zai ɓata safiyarsa yana jiran mota ta dawo daga zagayen farko ba, alhali da rana ta take dabbobin sun shige inuwa.