Oleh Hornykiewicz

Oleh Hornykiewicz (1926–2020) masanin magunguna ne da sinadaran ƙwaƙwalwa, ɗan ƙasar Ostiriya. Shi ne ya tabbatar da cewa ƙarancin sinadarin dofamin a can cikin ƙwaƙwalwa ne ke haddasa alamomin cutar Parkinson, wato karkarwar hannu da ƙagewar gaɓɓai da nawar motsi. Bincikensa ne ya buɗe ƙofar amfani da lebodofa, maganin da har yau babu wanda ya kai shi aiki a kan wannan cuta. Duk dattijon da likita ya rubuta wa wannan magani a Garwa ko Marwa ko Njamena, gajiyar aikin wannan mutum yake ci, ko da bai taɓa jin sunansa ba.

Tasowarsa

An haife shi ranar 17 ga Nuwamba, 1926, a Sykhiv kusa da birnin Lviv, wanda a lokacin yake ƙarƙashin Polan, yanzu kuma yana cikin Yukren. Iyalinsu sun koma Biyana, babban birnin Ostiriya, a 1940, kuma a jami'ar birnin ya kammala karatun likita a 1951. A 1956 ya tafi Oksfod ta Ingila, ya yi aiki tare da Hermann Blaschko, masanin sinadaran jiki. A wancan zamani masana ba su ɗauki dofamin a bakin komai ba, gani suke zango ne kawai da jiki ke ratsawa kafin ya haɗa wasu sinadarai. Blaschko na ganin abin ya wuce nan, shi ya sa ya ɗora ɗalibin nasa a kan wannan hanya.

Binciken 1960

A 1957 Arvid Carlsson na Suwidin ya nuna cewa zomon da aka sanƙarar da shi da magani yakan farfaɗo idan aka yi masa allurar lebodofa. Bayan shekara biyu wasu ɗaliban Carlsson suka gano cewa mafi yawan dofamin na ƙwaƙwalwa a wuri guda yake taruwa, wani curi mai suna sitirayatom da ke da hannu wajen sarrafa motsi. Hornykiewicz bai tsaya kan dabbobi ba. Shi da abokin aikinsa Herbert Ehringer suka nemi ƙwaƙwalen mutanen da suka rasu a asibitocin Biyana, suka auna dofamin ɗin da ke ciki.

Awon na launi ne. Idan akwai dofamin a cikin ruwan da aka tace daga naman ƙwaƙwalwa, sai ruwan ya rine ya yi ja-ja a kwalba. Na mutanen da ba su da cutar ya rine yadda ake zato. Na masu Parkinson kuwa da ƙyar aka ga alamar launi, har ba a buƙaci na'ura ba kafin a ga bambancin. Ƙwaƙwalen masu cutar shida kacal suka auna, suka buga sakamakon cikin Jamusanci a mujallar Klinische Wochenschrift a 1960. Wannan ne karon farko da aka danganta wata cutar lalacewar ƙwaƙwalwa da rashin takamaiman sinadari ɗaya a takamaiman wuri.

Allurar 1961

Dofamin ba ya iya ƙetarawa daga jini zuwa ƙwaƙwalwa, amma lebodofa na ƙetarawa, can kuma jiki ya juya shi ya zama dofamin. Hornykiewicz ya shawo kan likitan jijiyoyi Walther Birkmayer, wanda ke duba marasa lafiya a gidan tsofaffi na Lainz, a kan su gwada. A watan Yulin 1961 aka fara yi musu allura ta jijiya. Mutanen da ba sa iya tashi daga gado suka miƙe, waɗanda ba sa iya ɗaga ƙafa suka yi tafiya, muryar da ta shige ciki ta fito sarai. Sun ɗauki abin a fim. Sai dai sauƙin na 'yan sa'o'i ne, kuma wasu likitocin da suka gwada ba su ga irin haka ba, don haka aka daɗe ana tababa. Sai a 1967 George Cotzias a Amurka ya nuna cewa idan aka ba da maganin ta baki, ana ƙara yawansa sannu a hankali, sauƙin yana ɗorewa.

Rubuce-rubucensa da tasirinsu

A 1963 ya nuna cewa dofamin ya ragu har a wani baƙin yanki da ke tushen ƙwaƙwalwa, inda ƙwayoyin da ke samar da shi suke mutuwa. Doguwar maƙalarsa ta 1966 a kan dofamin da aikin ƙwaƙwalwa ta zama madogarar masu shiga fagen. A ƙarshen shekarun 1960 ya koma Toronto ta Kanada ya kafa ɗakin binciken ƙwaƙwalwar ɗan Adam, daga baya ya dawo Biyana ya shugabanci wata cibiyar bincike a jami'arsa. Aikin da suka buga a 1973 tare da abokan aikinsa Bernheimer da Birkmayer da Jellinger da Seitelberger ya nuna cewa alamomi ba sa bayyana sai mafi yawan dofamin ɗin ya riga ya tafi. Ma'ana, ranar da hannu ya fara rawa, cutar ta yi shekaru tana ci a ɓoye.

Ya samu lambar yabo ta Wolf a 1979. A 2000 aka ba Carlsson da Paul Greengard da Eric Kandel kyautar Nobel, ba a sa sunansa ba. Masana ƙwaƙwalwa fiye da 250 suka sa hannu a buɗaɗɗiyar wasiƙa suna nuna rashin jin daɗinsu. Ƙa'idar kyautar ba ta wuce mutum uku, amma ƙorafin nasu yana kan hanya: Carlsson ya nuna abin a jikin zomo, Hornykiewicz ne ya kai shi ga ɗan Adam. Ya rasu a Biyana ranar 26 ga Mayu, 2020.

A arewacin Kamaru da Chadi

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa masu cutar sun haura miliyan 8.5 a 2019, kuma lebodofa na cikin jerin muhimman magungunan da ta shawarci ƙasashe su tanada. A aikace kuwa, likitocin jijiyoyi a Kamaru ba su da yawa, akasarinsu suna Yawunde da Duwala. Dattijon da kofin shayi ke rawa a hannunsa, yake jan ƙafa zuwa masallaci, sau da yawa cewa ake yi tsufa ne ko sammu, sai a nufi wajen mai magani. Wanda ya dace da likita kuma, takardarsa takan zo da sunan Modopar ko Sinemet, wato lebodofa haɗe da wani sinadari da ke hana shi narkewa kafin ya isa ƙwaƙwalwa. Magani ne na shan kullum, ba ya warkar da cutar, kuma yanke shi farat ɗaya yana da haɗari.

Tsada da yankewar magani ne suka sa masu bincike, musamman a Gana, suka koma kan 'ya'yan karara, tsiron nan mai kwanso mai ƙaiƙayi, domin suna ɗauke da lebodofa. Gwaje-gwaje sun nuna garin gasassun 'ya'yan yana rage alamomin, amma yawan sinadarin yana bambanta daga iri zuwa iri, shi ya sa ba a shan sa sai da awon likita.