Muhallabiyya

Muhallabiyya nau'in kayan zaƙi ce da ake yi da madara da sukari da garin shinkafa ko sitacin masara, a ƙamsasa ta da ruwan wardi, ko ruwan furen lemo, ko mastika, wani ƙaro mai ƙamshi. Da sanyinta ake shanta bayan an ci abinci. Ta shahara a Masar da Siriya da Labanan da Falasɗinu da Iraƙi da ƙasashen yankin Tekun Fasha, haka ma a Turkiyya, kuma a watan azumi ba kasafai ake rasa ta wajen buɗa baki ba. Akwai fara tas, akwai kuma wadda ake haɗawa da ƙonannen sukari ta yi ja, kuma ita ce ta fi neman gwaninta.

Asali

Ana danganta sunan da Muhallab ɗan Abi Sufra, sarkin yaƙin daular Banu Umayya wanda ya riƙe lardin Khurasan har ya rasu a shekarar 702. An ce wani mai dafa abinci Bafarishe ne ya yi masa ita, ta burge shi, sai aka sa mata sunansa. Wannan labarin baka ne. Abin da ke rubuce shi ne girke-girken da Ibn Sayyar al-Warraq ya tattara a littafinsa Kitab al-Tabikh a Bagadaza cikin ƙarni na 10. A can muhallabiyya iri uku ce: madarar da aka kaurara da niƙaƙƙiyar shinkafa, da madara mai ƙwayar shinkafa da naman kaza, da wadda ake yi da ƙwai ba shinkafa. Larabawa sun daina sa nama tuntuni, amma Turkawa sun riƙe tasu mai suna tavuk göğsü, wadda har yau ake sa mata ƙirjin kaza da aka dafa aka yayyaga shi sirara-sirara.

Yadda ake haɗa ta

Lita ɗaya ta madara takan ɗauki kimanin giram 100 na sukari da giram 60 zuwa 70 na gari. Da madara mai sanyi ake fara dama garin, domin in ya faɗa cikin mai zafi gudaji zai yi. Sannan a ɗora a wuta kaɗan-kaɗan, ana juyawa ba tsayawa, har ta yi kauri ta riƙa kama bayan ludayi. Sitaci ya fi saurin nuna, ya fi santsi, amma garin shinkafa ya fi ba ta jiki da ɗanɗano, kuma wanda ya saba da shi da wuya ya yarda da sitaci zalla.

Kayan ƙamshin ne ke nuna hannun mai girki. Ruwan wardi da na furen lemo sai an sauke tukunya ake zuba su, don zafi yana kore ƙamshinsu. Babban cokali ɗaya ya isa lita guda. In aka zarce, turare ne zai danne madarar. Mastika kuwa ƙaro ne da ake samu daga wata bishiya a tsibirin Kiyos na ƙasar Girka. Ƙwaya biyu ko uku ake dakawa tare da ɗan sukari don kada ta manne a turmi, ita ce ke ba ta ɗan danƙo da ƙamshin itace. A yankin Tekun Fasha ana ƙara hel, wato ƙwayar da ake sa wa gahawa, wani lokaci da za'afaran. A sama ana barbaɗa dakakken fustuƙ, wata ƙwaya mai kama da gyaɗa, ko kirfa.

Ƙona sukari

Hanya biyu ake bi. Ta farko, a narka sukari shi kaɗai a tukunya. Da ya kai zafin digiri 160 zuwa 170 a ma'aunin Salshiyas sai ya fara rikiɗa daga ruwan zuma zuwa ja, kuma tsakanin ja mai daɗi da baƙi mai ɗaci 'yan daƙiƙu ne kawai, shi ya sa ake sauke shi tun bai kai launin da ake so ba, zafin tukunyar ya ƙarasa. A zuba shi a gindin kwano, a bi da muhallabiyya, in ta daskare a firji a kife ta a faranti. Haka ake yi wa kirim karamel da ta shigo daga girkin Faransa, sai dai ita ƙwai ne ke daskarar da ita.

Ta biyu ita ce ta Turkawa, kazandibi, wadda a taƙaice ƙanzo ne da aka yi da gangan. Ana shafa wa tire man shanu, a barbaɗa sukari, a shimfiɗa muhallabiyya ba kauri, a ɗora a wuta ana jujjuya tiren don ko'ina ya samu. Ban da ƙonewar sukari, furotin ɗin madara yana haɗuwa da sukarinta ya haifar da launi da ƙamshin gashi, abin da masanin kimiyya Bafaranshe Louis-Camille Maillard ya bayyana a 1912. Mai girki da hanci yake aiki: da ya ji ƙamshi ya fara komawa ƙauri sai ya ɗauke tiren, ya zuba sauran a kai. In ta kwana a firji sai a yanka, a kankaro kowane yanki a naɗe shi, ɓangaren da ya ƙone yana sama.