Daga shibra zuwa SOSAT: yadda aka daɗe ana zaɓen irin gero

A darasin noma, in an zo batun inganta iri, malami kan fara da Mendel, malamin cocin nan na Turai da ya yi ta gwaji da wake a lambu har ya fitar da sakamakonsa a 1866. Amma yaron da ya tashi a Gumel ko Tasawa ya riga ya ga aikin da idonsa. Da kaka ya ga kakansa yana bin gona yana ware zangarniya masu tsawo da cikar ido, ya ɗaure su daban, ya ce wannan iri ne, kada wanda ya taɓa. Daga nan ya kamata darasin ya tashi.

Geron daji ƙwayarsa ƙanana ce, kuma da ya nuna sai ya kakkaɓe a ƙasa. Mai tara shi don ci, abin da ya rage a jikin zangarniya shi yake kaiwa gida, shi kuma yake shukawa baɗi. Shekara bayan shekara, geron da ba ya zuba ya rinjayi sauran, ƙwayar ta ƙara girma. Masu tonon kayan tarihi sun ga sawun geron gida a jikin tsoffin tukwane a kwarin Tilemsi da ke arewacin Mali, masu shekara kusan 4,500. Ke nan a Sahel aka yi wannan aiki, kuma daga nan gero ya kai har Indiya.

Hujja mafi kusa tana cikin gona: shibra. Iska ce ke ɗaukar bununin gero daga wannan kara zuwa wancan, don haka na gida da na daji suna barbara, sai a sami shibra mai zubar da ƙwaya tun kafin girbi. Manomin da ya cire ta, ya hana ta shiga irinsa, aikin da aka fara a Tilemsi yake ci gaba da yi.

Bincike na hukuma ya zo daga baya. An buɗe tashar Samaru a 1922, ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Yau cibiyar binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri ce ke riƙe da gero a Najeriya, ICRISAT kuma, cibiyar ƙasa da ƙasa mai binciken amfanin gona na yankuna masu ƙarancin ruwa, tana da tasha a Sadore kusa da Yamai. Masanan suna zaɓen uwa da uba da gangan, su rufe zangarniya da jakar takarda don kada bununin wani ya shiga. Farin 1973 ya sa hankali ya koma kan iri mai saurin nuna, daga baya kuma irin SOSAT da aka samar a Mali ya bazu a Arewa.

Abin da ya fi burge ni shi ne manoma ba su zauna jira ba. Da aka kwatanta geron da aka tara a ƙauyukan Nijar a 1976 da wanda aka tara a ƙauyukan nan a 2003, an tarar na 2003 ya fi saurin fitar da kai, alhali yawancinsa irin gida ne. Damina ta gajarta, abin da ya nuna kafin ruwa ya ɗauke shi ya shiga rumbu, shi aka sake shukawa.