Ba kowane jan ido ba ne Afolo

Jama'a, don Allah ku daina ɗiga wa ido maganin da ba likita ne ya rubuta ba. Kusan kullum sai an kawo mana wanda ya shafe mako biyu ko uku yana ɗiga maganin kemis, sai da gani ya dushe sannan aka tuna da asibiti. Afolo ƙaiƙayi yake yi da hawaye da kwantsa, gani kuwa yana nan. In ido na zogi har cikin kai, haske na sukarsa, baƙaƙen ɗigo na gilma maka kamar ƙudaje, to kumburin a cikin ƙwayar idon yake.

Sau da yawa likita ba ya iya leƙa bayan irin wannan ido da fitila, saboda mugunya ko jini ko yanar ido sun tare hanya. Sai a yi sikanin, irin na masu ciki, amma kan na'urar ƙarami ne. Za ka rufe ido, a shafa ɗan mai mai sanyi a fatar, a ɗora, a ce dubi sama, dubi ƙasa. Bai fi minti 10 ba. Kada ka ji tsoro, ba allura, ba yanka. Cikin lafiyayyen ido baƙi ƙirin yake fitowa a allo. Mai kumburi kuwa za a ga fararen ɗigo na shawagi kamar an barbaɗa gari a ruwa, bangon baya ya yi kauri, wani lokaci tantanin gani ya ɓanɓaro yana lilo.

Sikanin ɓarna yake nunawa. Musabbabin, ko tarin fuka ne, ko tunjere, ko cutar da ake ɗauka daga kashin kyanwa, sai da gwajin jini da hoton ƙirji. To mai kemis da bai duba komai ba, me yake magancewa? Ɗigon dexamethasone ko betamethasone yakan kwantar da jan, ka ɗauka ka warke, ƙwayar cuta na ci gaba da cin ido. A wasu mutanen yakan ƙara matsin ruwan cikin ido cikin 'yan makonni, jijiyar gani kuma in ta mutu ba ta dawowa. Haba! Nonon mace da ruwan albasa da fitsari kuwa, ƙazanta kawai kuke ƙara wa ciwo.

A taƙaice:
- Zogi ko dushewar gani, asibitin ido a ranar.
- Ku zo da duk kwalaben da aka ɗiga, ba mai yi muku faɗa.
- In kara ko ƙusa ce ta soki idon, ku faɗa tun farko, domin ba a danna idon da ya huje.
- Wanda aka yi wa aikin yanar ido, in ya ji zogi na ƙaruwa, kada ya jira ranar dawowa.