Kujera da Lilo ga Yaron da Bai Iya Zama da Kansa

Yaron da doguwar naƙuda, ko shawara a makon haihuwa, ko sanƙarau ya taɓa wa ƙwaƙwalwa yakan kai shekara biyu ko uku bai zauna ba. A gidaje da yawa wuni yake kwance a tabarma ko goye a baya. Illar hakan ita ce gaɓoɓi suna ƙandarewa a yadda aka bar su, ƙashin baya ya karkace, kunun da aka ɗura masa a kwance kuma ya bi hanyar numfashi ya sauka huhu, a yi ta fama da tari da namoniya. In aka zaunar da shi daidai, haɗiya tana yi masa sauƙi, hannuwansa su samu sakewa ya yi wasa, ya riƙa ganin abin da ake yi a tsakar gida.

Kafintan unguwa zai iya haɗa kujerar da filawud mai kauri, soso mai tauri da ledar kujera. Abin da ke lalata aikin shi ne awo, domin kafinta ya saba yin kujera da yalwa, ita kuwa wannan yalwar ce ke cutarwa. A zaunar da yaron a kan benci, wani ya riƙe shi, a ɗauki tef ɗin tela. Faɗin mazauni shi ne faɗin ƙugunsa, a ƙara kamar santimita 2 a kowane gefe. Zurfinsa daga bayan ɗuwawu zuwa bayan gwiwa, a rage faɗin yatsu biyu. Sai daga bayan gwiwa zuwa dunduniya, nan za a kafa katakon taka ƙafa. Majinginar baya ta kai kafaɗa, in kuma bai riƙe wuya ba ta wuce kai.

Zurfin nan shi ne aka fi kuskurewa. Iyaye kan ce a yi ta da girma don ta daɗe, yaro na girma. To in mazaunin ya yi zurfi, bakin katakon zai tokare bayan gwiwa, yaron ya zamo gaba don ya kauce masa, ya koma zaune kan ƙashin gindi, baya ya ranƙwafa, kai ya faɗo. In dole sai an yi babba, a cike bayan da soso mai tauri, a riƙa ragewa yana girma. Duk wata shida a sake awo.

Ƙugu ake fara gyarawa, don in tushe ya karkace ba abin da za a ɗora a kansa ya miƙe. A tura ɗuwawun yaron har ya taɓa majingina, a duba ƙasusuwan ƙugu biyu na gaba suna daidai da juna, sannan a ɗaure bel. Bel ɗin ya taso daga kusurwar da mazauni ya haɗu da majingina, ya ratsa saman cinyoyi a ƙasan cibiya, da matsewar da yatsu biyu kaɗai za su shiga. Kada a ɗaure yaro da zani a ƙirji kawai. In ya sulale ƙasa zanin zai hau wuyansa ya shaƙe shi. Ɗaurin ƙirji ƙari ne a kan na ƙugu, ba madadinsa ba.

Yaron da jikinsa ke sandarewa yana banƙarewa baya, a ɗaga masa gaban mazaunin da santimita 2 ko 3, gwiwa ta ɗan ɗara ƙugu tsawo. Lanƙwasar ƙugun tana karya sandarewar. Wanda ƙafafunsa ke harɗewa, a sa guntun katako da aka naɗe da soso tsakanin gwiwoyinsa. Tsakanin gwiwoyi fa, ba a manne da gabansa ba, domin aikinsa raba ƙafafu ne, ba tare sulalewa ba. Wanda jikinsa ya saki yana faɗawa gefe, a sa masa tokare a haƙarƙari hagu da dama, yatsu biyu ƙasa da hammata. In kansa na faɗowa gaba, a karkata kujerar gaba ɗayanta baya kaɗan ta hanyar sa katako ƙarƙashin ƙafafunta na gaba. Kwantar da majingina ita kaɗai yana buɗe ƙugu, sulalewa ta dawo. Tafin ƙafa kuma ya taka, kada ya yi reto. A gaba a sa ɗan tebur daidai gwiwar hannu, a fafe shi ya zagaye cikinsa.

A fara da minti 10 zuwa 15, ana ƙarawa a hankali, amma ko ya saba kada ya wuce awa ɗaya zuwa biyu ba a sauya masa yanayi ba. Duk lokacin da aka fito da shi a duba ɗuwawu, ƙashin gindi da gefen ƙugu. A fatarmu ja bai cika fitowa ba, don haka a nemi wurin da ya yi duhu, ko ɗumi, ko tauri. In bai baje cikin rabin awa ba, gyambo ne ke shirin fitowa. A dakatar da zama har a gyara wurin.

Lilo kuwa wasa ne da ke ɗauke da magani. Lilawa a hankali, gaba da baya, takan sassauta jikin da ya sandare, tana kuma koya wa yaro riƙe kai da daidaita jiki. Mafi sauƙi shi ne a kwantar da shi cikin bargo mai ƙwari, manya biyu su riƙe bakinsa su lila kusa da ƙasa. In ya karɓa, sai a yi na ratayewa. Falankin da sauran yara ke hawa bai dace da shi ba. Yana buƙatar mazauni mai baya, gefe da bel ɗin ƙugu, irin na kujerarsa. A rataye shi da igiya huɗu, biyu gaba biyu baya, domin mai igiya biyu yana kifewa da zarar yaro ya banƙare. Tsayinsa daga ƙasa kada ya wuce gwiwar babba, a zuba yashi a ƙarƙashi, a nisanta shi da bango.

Reshen ya zama ɗanye mai kauri, na mangwaro ko tsamiya, babba ya fara hawa ya gwada. A zura igiyar cikin guntun tiyo a inda take gogar reshe. Igiyar roba rana na cinye ta, don haka a riƙa murza ta kowane mako, in tana fitar da gari a canza. In da taya aka yi, a huda ƙasanta ruwa ya tsiyaye saboda sauro, a duba wayar da ta fito, a kuma leƙa ciki kafin a sa yaro, kunama na son wurin.

Kada a lila shi sai an yi aƙalla rabin awa da cin abinci, kada kuma a juya shi kamar katantanwa. Ana kallon fuskarsa: gumi, yunƙurin amai, kuka, ko ƙarin sandarewa, a tsaya nan take. Kada a bar shi a lilo ko a kujera da ƙananan yara su kaɗai. Mai farfaɗiya, da wanda aka sa wa robar janye ruwa daga kai, da wanda ƙugunsa ya goce ko yake kuka in an buɗa ƙafafunsa, a fara kai su wurin likitan gashi, wato likitan motsa gaɓoɓi. Akwai sashen gashi a manyan asibitoci irin su Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, kuma ya fi kyau a tafi da kujerar, a zaunar da yaron a gaban likitan a gyara abin da ya rage.