Likitan fagen daga

Likitan fagen daga soja ne da aka horar don ya kula da abokansa da suka ji rauni tun a inda suka faɗi, kafin a kai su asibiti. Galibi ba dokta ba ne. Ma'aikacin jinya ne, ko sojan da ya sami horon ceto. Amma a bakin mutanen Yamai da Tawa duk likita ne, kuma sunan ya dace da shi.

Asali

A da, sai ƙura ta lafa ake kwasar masu rauni. Dominique Larrey, likitan rundunar Napoleon, shi ya fito da kekunan doki masu ɗauko su ana cikin gwabzawa, ya kuma ce a fara da wanda rauninsa ya fi tsanani, ba mai babban galo ba. Bayan yaƙin Solferino na 1859, a ƙasar Italiya, inda wani ɗan Suwizalan, Henry Dunant, ya ga dubban sojoji yashe ba mai ba su ko ruwa, aka kafa ƙungiyar agaji ta Kuros Ruj a 1863 bisa kiran da ya yi. Yarjejeniyar Janeba ta 1864, da aka faɗaɗa a 1949, ta haramta kai wa ma'aikatan lafiya na soja hari. Sai dai harsashi ba ya karanta alama.

Yadda ake aikin

Babban abokin gābarsa zubar jini ne. Idan babbar jijiyar cinya ta tsinke, mintoci kaɗan sun isa rai ya fita. Shi ya sa horon zamani, wanda sojojin Amurka suka tsara a 1996 bayan abin da suka gani a faɗan Mugadishu na Somaliya a 1993, ya ce muddin ana ruwan wuta abu biyu kawai ake yi wa mai rauni: a ja shi zuwa mafaka, a ɗaure masa ɗamarar tsai da jini sama da raunin, a murɗa har jinin ya tsaya. Sai an sami mafaka ake duba numfashi, a toshe raunin ƙirji, a lulluɓe shi, don wanda ya zubar da jini sanyi na kama shi ko a zafin watan Afrilu. Ana rubuta lokacin da aka ɗaura ɗamarar saboda likitan tiyata.

A nan jarumtar take. Kowa ya kwanta ya manne da ƙasa, shi kuwa dole ya rarrafa, hannuwansa biyu a kan jikin wani, ba a kan bindiga ba. Desmond Doss, likitan sojan Amurka wanda bai yarda ya riƙe makami ba, ya ceto kusan mutum 75 a yaƙin Okinawa na ƙasar Japan a 1945.

A Nijar

Wahalar nan ita ce nisa da fili fetal. Tazalit a jihar Tawa, inda aka kashe sojoji 22 a Oktoban 2016, da Inates a jihar Tilaberi, inda 71 suka rasu a Disamban 2019, duk suna nesa da ɗakin tiyata. Idan jirgi mai saukar ungulu bai samu ba, likita zai riƙe ran ɗan'uwansa awoyi a bayan mota, kan hanyar rairayi, da ƙarin ruwa da abin da ya rage a jakarsa, har a isa Tawa ko manyan asibitocin Yamai. A kwanton ɓaunar Tongo Tongo a jihar Tilaberi, ranar 4 ga Oktoban 2017, likitan ayarin Amurkawa, Bryan Black, yana cikin waɗanda suka kwanta dama tare da sojojin Nijar.